Faransa: gidan da za a saya da bazara, tun cikin hunturu ake shirya masa

A Faransa kasuwar gidaje tana da lokacinta, kamar yadda kasuwar gero da wake ke da nata. Daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Yuni, watannin da Maraɗi da Damagaram da Tawa ke shan zafin bazara, can sanyi ne ke janyewa, yini yana ƙara tsawo, itatuwa suna fidda sabon ganye. Faransawa suna kiran lokacin printemps, kuma a cikinsa ne masu gidaje suka fi fito da su kasuwa, masu neman saye kuma suka fi zirga-zirga. Cikin masu neman har da ƴan Nijar da suka yi shekara goma ko ashirin suna biyan haya a kewayen Paris ko Liyon ko Marsey, ƴaƴansu suna karatu a can, sun fara ganin kuɗin hayar nan kamar ruwan da ake zubawa a rairayi.

Dokar Faransa ba ta hana baƙo sayen gida ba. Ba sai mutum ya zama ɗan ƙasa ba, ko da yake sayen gidan ba ya ba kowa katin zama. Inda ake tuntuɓe shi ne wurin banki, domin ƙalilan ne ke iya biyan gida da kuɗin aljihunsu. Banki kuwa watannin da suka wuce yake dubawa. Wanda ya bari sai Afrilu, ya ga gidan da ya kwanta masa a rai, sannan ya fara tunanin takardu, sau da yawa wani ne ke shiga gidan.

Dalilin cikar kasuwar a waɗannan watanni kalandar makaranta ce. Yara suna komawa aji a farkon Satumba, iyaye kuma suna son su ƙaura a hutun Yuli da Agusta, kada a raba wa yaro shekarar karatu biyu. Daga sa hannu a takardar alkawarin ciniki zuwa karɓar makulli akan ɗauki kamar wata uku. In aka ƙirga baya, dole cinikin ya faɗa tsakanin Maris da Mayu. Masu sayarwa sun san haka, sun kuma san gida ya fi kyan gani idan rana ta fito, furanni sun buɗe a farfajiya. Saboda haka zaɓi yana da yawa da bazara, amma abokan takara ma suna da yawa. Mai gida da mutum uku suka taya ba lalle ne ya ba wanda ya fi tsada ba. Yakan ba wanda ya zo da takardar banki mai nuna cewa an riga an duba ƙarfinsa, domin ba ya son ya ɓata wata biyu sannan a ce masa bashi bai fito ba.

Kashi 35 cikin ɗari

Tun daga Janairun 2022 bankunan Faransa suke ƙarƙashin ƙa'ida ta dole da majalisar kula da zaman lafiyar harkar kuɗi, HCSF, ta kafa. Abin da mutum zai riƙa biya duk wata na basussukansa gaba ɗaya, haɗe da asurans ɗin bashin, kada ya wuce kashi 35 cikin ɗari na abin da yake samu. Tsawon bashin kuma kada ya wuce shekara 25, sai dai a sabon gini ko gidan da ke buƙatar babban gyara, inda ake iya kaiwa 27. An bar wa bankuna damar tsallake ƙa'idar a kashi 20 cikin ɗari na basussukan da suke bayarwa, amma wannan ƙofa ba kowa suke buɗe wa ba.

A ɗauki misalin miji da mata da albashinsu ya haɗu ya kai yuro 3,500 a wata. Kashi 35 na wannan shi ne yuro 1,225. In aka cire, a ce, yuro 60 na asurans, saura 1,165. Da kuɗin ruwa na kashi 3.5 a shekara 25, wannan yana ba su bashin kusan yuro 233,000. Tun da yuro ɗaya daidai yake da sefa 655.957, ana maganar kusan miliyan 153 ke nan. To, a ce suna biyan bashin mota yuro 250 duk wata. Wannan 250 za a cire ta daga cikin 1,225, bashin gidan kuma ya faɗo zuwa kusan yuro 183,000. Mota ta cinye yuro 50,000, wato wajen sefa miliyan 33, kuma a garuruwa da yawa wannan shi ne bambancin gida mai ɗakin kwana biyu da mai uku. Shi ya sa aikin farko na hunturu shi ne biyan ƙananan basussuka: na mota, na kayan ɗaki, na wayar da aka saya biya huɗu, da katin kanti mai sabunta bashi da kansa. In saura wata shida a gama biyan mota, ya fi a karya ajiya a rufe bashin tun a Disamba.

Irin aikin mutum ma yana da nauyi. Mai kwantaragin dindindin, CDI, wanda ya wuce watannin gwaji, shi banki ya fi so. Mai CDD ko mai aikin wucin gadi sai ya nuna ya daɗe yana samu ba yankewa. Mai zaman kansa, direban tasi ko mai shago, akan nemi lissafinsa na shekara biyu zuwa uku. Wanda yake tunanin sauya wurin aiki a Fabrairu domin ƙarin albashi ya sani cewa sabon kwantaragi yana zuwa da sababbin watannin gwaji, banki kuma zai ce a jira. A aikace bankuna suna kallon katin zama, kuma mai katin shekara goma ya fi samun sauƙi a kan mai katin shekara ɗaya da ake sabuntawa.

Abin da takardun asusu ke faɗa

Dosiyen bashi kusan iri ɗaya ne a ko'ina: takardun albashi na wata uku na baya, takardun haraji na shekara biyu, kwantaragin aiki, shaidar wurin zama, da takardun shige da ficen asusun banki na wata uku. Waɗannan na ƙarshe su ne ke tona asiri. Dosiyen da za a miƙa a Afrilu, takardun Janairu da Fabrairu da Maris ne a cikinsa. Ma'aikacin banki yana bin su layi-layi. Yana duba ko asusun ya taɓa shiga ja, ko an taɓa mayar da wani biya saboda babu kuɗi, ko akwai cacar intanet, ko kuma mutum yana iya ware wani abu duk wata. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci: in haya yuro 850 ce, biyan bashi kuma zai zama 1,200, banki yana son ya ga cewa dama akan rage 350 ɗin nan a ajiye. Wanda sunansa ya shiga kundin masu kasa biyan bashi na Bankin Faransa, FICP, inda suna kan iya zama har shekara biyar, sai ya warware wannan tukuna.

A nan ne maganar ta shafi gida Nijar. Ɗan da ke Turai yakan aiko da kuɗin cefane, da na makaranta, da na asibiti, da na biki da suna. Wannan aike ba bashi ba ne, amma yana fitowa a takardun asusu, ma'aikacin banki yana da damar tambaya, kuma yana iya cire shi daga abin da ya lissafa zai rage wa iyali su ci bayan biyan bashi. Aiken da yake daidai duk wata, yuro 150 ko 200 zuwa ga mahaifiya, abu ne da ake bayyanawa cikin jimla ɗaya. Wanda ke da wuyar bayani shi ne 100 yau, 700 jibi, 400 mako mai zuwa, ga sunaye daban-daban, har asusu ya shiga ja kafin ƙarshen wata. Dangin da suka ji ɗansu ya ce a ɗan yi masa haƙuri daga Janairu zuwa Maris, mai yiwuwa wannan ne dalili, ba rowa ba. Ɓoyewa kuma ba mafita ba ce. Takardar da aka taɓa da hannu, in banki ya gano, yana iya neman a biya shi bashinsa gaba ɗaya nan take, ban da shari'a.

Sai adashe. Ƴan Afirka da yawa a Faransa da shi suke tara kuɗi, kuma yana aiki. Matsalarsa ita ce kuɗin hannu ne, ba su da takarda. Banki da noter dukansu doka ta ɗora musu bincikar asalin kuɗin da za a sayi gida da su, saboda yaƙi da halatta kuɗin haram. Mutumin da ya zuba yuro 12,000 a asusu mako biyu kafin ya nemi bashi, ya ce kwasar adashe ce, ya shirya amsa tambayoyi, kuma ana iya ƙin lissafa kuɗin. Adashen da ake zubawa ta banki, da jerin sunayen ƴan ƙungiya da ranar kwasar kowa a rubuce, ya fi sauƙin karɓuwa. Haka kuɗin da suka fito daga gida. In fili aka sayar a Yamai ko Maraɗi, a riƙe takardar cinikin, a turo kuɗin ta banki. In kyauta ce daga mahaifi, ana sanar da ofishin haraji, kuma dokar Faransa ta yafe haraji a kan yuro 100,000 daga kowane mahaifi zuwa kowane ɗa, duk shekara 15. Wanda ya ɗauko tsabar kuɗi a jaka, daga yuro 10,000 zuwa sama dole ya bayyana wa duwan a filin jirgi. Ko ya bayyana ma ba za su biya gida ba, domin tun 2015 duk abin da ya wuce yuro 3,000 a cinikin da ke bi ta hannun noter, ta banki ake tura shi.

Kuɗin hannu

Babu dokar da ta ce sai mai saye ya kawo wani kaso daga aljihunsa, amma a aikace bankuna suna neman aƙalla kashi 10 cikin ɗari, domin ba sa son ba da bashin kuɗin da ba ya cikin darajar gidan. Mafi girma a ciki shi ne abin da ake kira kuɗin noter: kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari a tsohon gida, kashi 2 zuwa 3 a sabon gini. Sunan yana ruɗi, domin mafi yawansa haraji ne da noter ke karɓa ya miƙa wa hukuma, ladarsa shi kansa ba ta wuce kamar kashi 1 ba. A tsohon gida na yuro 200,000 ana maganar 15,000 zuwa 16,000, wato wajen sefa miliyan 10 da ba su sayi ko bulo ɗaya ba. Daga Afrilun 2025 an ba dipartama-dipartama izinin ƙara rabin maki a kan harajin, yawancinsu kuma sun ƙara, amma an keɓe masu sayen gidan zama na farko. A kan wannan sai a ɗora kuɗin jingina ko na kamfanin da ke tsaya wa bashin, da kuɗin buɗe dosiye, da kuɗin ƙaura. Mai hankali ba ya zuba duk abin da ya tara. Banki ma ya fi son ya ga an bar wani abu a gefe, saboda tukunyar dumama gida ba ta sallama kafin ta mutu.

Akwai tallafi, kuma ana neman sa tun da wuri. Bashin da babu ruwa, PTZ, na wanda bai mallaki gidan zamansa ba a shekara biyu da suka wuce, kuma samunsa bai wuce wani mizani ba. Ba ya biyan gida gaba ɗaya, cikon babban bashi ne. Ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu suna iya tambayar Action Logement bashi mai sauƙin ruwa. A yawancin dipartama kuma akwai ofishin ADIL, inda masana doka ke ba da shawara kyauta, ba su da gidan da suke son sayarwa ko bashin da suke son tallatawa. Awa ɗaya a wurinsu cikin Janairu ta fi kwana uku na tambayar abokai.

Kuɗin ruwa shi ne abin da mai saye ba shi da iko a kansa. A 2021 ana samun bashin gida da ruwan kashi 1 da ɗan abu. Babban Bankin Turai ya fara ɗaga nasa a Yulin 2022, zuwa ƙarshen 2023 bashin gida ya haura kashi 4, sannan ya fara sauka tun kafin bankin ya soma ragewa a Yunin 2024. Ga iyalin misalin nan mai biyan 1,165, ruwan kashi 1 yana ba su kusan yuro 309,000, na kashi 4 kuma kusan 221,000, da albashi ɗaya. Wannan ne ya sa cinikin tsofaffin gidaje, da ya zarce miliyan ɗaya a 2021, ya faɗi ƙwarai a 2023 da 2024. Abin da ke kwantar da hankali a tsarin Faransa shi ne kusan duk basussukan gida ruwansu tsayayye ne, abin da aka sa hannu a kai shi za a biya har ƙarshe. Amma yawansa ba wasa ba ne: a kan bashin 233,000 ɗin nan, ruwan shekara 25 ya kai wajen 116,000, rabin uwar kuɗin. Tambayar banki uku maimakon ɗaya, ko bi ta hannun dillalin bashi, wanda doka ta hana a biya shi kafin kuɗi su fito, tana iya rage dubbai. Asurans ma haka: tun dokar Lemoine ta 2022 ana iya sauya kamfani a kowane lokaci.

Masu guje wa ruwa saboda addini suna da hanyar murabaha, inda cibiyar kuɗi ke sayen gidan ta sayar wa mutum da ribar da aka yanke tun farko. Hukumar harajin Faransa ta fitar da ƙa'idojinta a 2009 da 2010 domin kada a biya harajin ciniki sau biyu. Masu yin ta kaɗan ne, galibi suna neman kuɗin hannu mai kauri, kuma dosiyen yana ɗaukar lokaci, saboda haka mai wannan niyya ya fi kowa buƙatar farawa da wuri.

Gida a hunturu yake faɗin gaskiya

Duk mai neman fili a Yamai ya san a watan Agusta ake zuwa dubawa, lokacin da ruwa ke nuna inda yake kwanciya. A Faransa Janairu ne ke yin wannan aiki. Gidan da ke sheƙi a Mayu, a hunturu ne ake ganin raɓa a bango, da baƙin tabo bayan kabad, da tagar da iska ke shiga, da falon da sai an kunna fitila ƙarfe uku na yamma. Ko mutum bai shirya saye ba, ziyarar gidaje biyar ko shida cikin sanyi a unguwar da yake so tana koya masa ido. Yana kuma iya auna tafiyar jirgin ƙasa zuwa wurin aiki da safe, ba ranar Lahadi ba.

Farashin da ke shafukan SeLoger ko Leboncoin ko PAP abin da mai gida ke fata ne. Abin da aka biya da gaske yana wani wuri: tun 2019 gwamnati ta buɗe kundin DVF a intanet, kyauta, inda ake ganin nawa aka sayar da gidaje titi-titi a shekara biyar da suka wuce, ban da yankin Alzas da Mozel da tsibirin Mayot. Bambanci tsakanin garuruwa yana da girma. A cikin Paris murabba'in mita ya haura yuro 10,000 a 2019, ya ɗan sauko ƙasa da haka daga baya, alhali a Sent-Etiyen, kusa da Liyon, bai kai 2,000 ba. Mai saye da ya san nawa aka sayar da gidan maƙwabta bara, da hujja yake tayawa.

Kowane gida da ke kasuwa yana ɗauke da harafi daga A zuwa G, sakamakon binciken DPE mai nuna yawan makamashin da yake ci. G shi ne mafi muni. Wanda ya taso inda ba a sayen zafi da kuɗi yakan raina wannan harafi, har sai takardar gas ta Fabrairu ta iso. Dokar yanayi ta 2021 ta ƙara masa nauyi: daga Janairun 2025 ba a ƙulla sabuwar haya a gida mai G, mai F zai bi a 2028, mai E a 2034. Zama a ciki ba laifi ba ne. Amma wanda yake da niyyar wata rana ya koma Nijar ya bar gidan a hannun ƴan haya, to harafin ya shafe shi kai tsaye. Irin waɗannan gidaje suna da araha, kuma arahar tana iya zama riba ga wanda ya sa magini ya ƙiyasta masa kuɗin gyara kafin ya taya. Mai sayarwa kuma dole ya miƙa sauran takardun bincike: na dalma a ginin da ya girmi 1949, na amiyant a wanda aka ba izinin gini kafin Yulin 1997, na wayoyin lantarki da bututun gas in sun wuce shekara 15, da na haɗarin ambaliya ko motsin ƙasa.

In sashe ne a cikin gidan bene na haɗaka, mai saye yana sayen rabo a cikin matsalolin benen ne gaba ɗaya. Akwai kuɗin da ake biya duk wata uku na lif da shara da dumama, wanda ba ya cikin lissafin kashi 35 amma daga aljihu ɗaya yake fita. Doka ta ce a ba shi rahoton taron masu benen na shekara uku da suka wuce. Mutane da yawa ba sa karantawa, alhali a nan ne ake ganin ko an yanke shawarar sake rufi ko gyaran fuskar bene, nawa ne rabon kowa, da kuma mutum nawa ne suka daina biya. Bene mai araha da rabin mazaunansa ba sa biya, sauran ne ke ɗaukar nauyin. Sai harajin mallaka da ke zuwa duk Oktoba, wanda ɗan haya bai taɓa sani ba.

Daga tayi zuwa makulli

Tayi a rubuce ake yi, kuma a wannan mataki doka ta hana karɓar ko sisi. Duk wanda ya nemi kafin alƙalami domin ya "riƙe" wa mutum gida, a bar shi. Dillalin gidaje ma ba ya cin ladarsa sai an sa hannu a takardar ƙarshe. In mai gida ya amince, sai a sa hannu a takardar alkawarin ciniki, wadda ake kira kompromi, a ajiye kashi 5 zuwa 10 na farashin, mafi kyau a hannun noter. Mai saye yana da damar kawo noter nasa ba tare da ƙarin kuɗi ba, su biyun ne ke raba ladar. Daga nan yana da kwana 10 da zai iya fasawa ba tare da faɗin dalili ba, a mayar masa da kuɗinsa cikin kwana 21. Mai sayarwa ba shi da wannan dama.

Sharaɗi mafi muhimmanci a takardar shi ne na samun bashi: in banki ya ƙi, ciniki ya warware, kuɗin ajiya su dawo. Doka ta ba da aƙalla wata ɗaya, a aikace akan rubuta kwana 45 zuwa 60. Amma sharaɗin yana kare wanda ya nemi bashin da aka rubuta ne, da adadinsa da shekarunsa da iyakar ruwansa, cikin wa'adi. Wanda ya rubuta 200,000 ya je ya nemi 230,000 aka hana shi, yana iya rasa ajiyarsa. Da bazara dosiye suna taruwa a bankuna, watan Mayu kuma cike yake da ranakun hutu, saboda haka kwana 45 suna gudu. In banki ya yarda, yana aiko da tayin bashi, wanda ba a sa masa hannu sai bayan kwana 10 cikakku. A gefe guda ma'aikatar magajin gari, a wuraren da take da haƙƙin riga kowa saye, tana da wata biyu ta ce tana so ko ba ta so. Waɗannan wa'adodi ne ke haɗuwa su ba da wata ukun. Ɗan haya kuma ya tuna da sanar da mai gidansa: wata uku kafin fita, ko wata ɗaya a manyan biranen da gidaje ke ƙaranci da kuma gidan da aka kama da kayansa. Kada a aika da sanarwar kafin tayin banki ya zo hannu.

Sunan wa za a rubuta

Tambayar da noter ke yi, wadda takan zo wa ƴan Nijar ba zato, ita ce ta aure: a ina aka ɗaura, yaushe, kuma a wace ƙasa ma'auratan suka fara zama. Amsar ce ke nuna dokar da ke hukunta dukiyarsu. A tsarin Faransa, in babu wata yarjejeniya, duk abin da aka saya bayan aure na mutum biyu ne rabi da rabi, ko da albashin ɗaya ne ke biya. Waɗanda suka yi aure tsakanin Satumban 1992 da Janairun 2019 ba tare da yarjejeniya ba, ko da a Damagaram suka fara zama, bayan shekara goma a Faransa tsarin Faransa yana iya hawa kansu da kansa, ba tare da an aiko musu da wata takarda ba. In ɗayansu ya zuba kuɗin gadonsa, a ce na gidan mahaifi da aka sayar a Tawa, sai an rubuta haka a takardar cinikin sannan kuɗin za su ci gaba da zama nasa shi kaɗai.

Gado ma haka. Tun 17 ga Agustan 2015, a ƙa'idar Tarayyar Turai, dokar ƙasar da mutum yake zaune lokacin rasuwarsa ce ke raba dukiyarsa. Dokar Faransa tana ba ɗa namiji da ɗiya mace daidai, kuma ta keɓe wa ƴaƴa rabon da ba a taɓawa: rabi in ɗa ɗaya ne, kashi biyu cikin uku in biyu ne, uku cikin huɗu in sun kai uku. Mutum yana iya zaɓar dokar ƙasarsa ta asali a cikin wasiyya, ko da yake kotunan Faransa suna da iyakar abin da suke karɓa daga dokar waje.

Waɗanda aurensu na masallaci ne kawai a Faransa, ba su je gaban magajin gari ba, doka tana ganinsu a matsayin mutum biyu da babu dangantaka tsakaninsu. In ɗaya ya rasu, ɗayan ba ya gadon komai sai da wasiyya, in ma akwai wasiyyar, harajin kashi 60 cikin ɗari ne, alhali matar aure ko mijin aure a idon doka ba sa biyan harajin gado ko kaɗan. Ɗaurin auren hukuma yana da nasa dosiye. Ana neman takardar haihuwa daga Nijar wadda ba ta daɗe da fitowa ba, ana manna sanarwa kwana 10 a ƙofar ma'aikata, kuma ranakun Asabar na Mayu da Yuni su ne suka fara cika a littafin magajin gari.